KWARIN MONO, ƘASAR DA RUWANTA BA YA ZUWA TEKU

A cikin labarin ƙasa mun koyi cewa yawancin ruwan da ke sauka bisa doron duniya teku ya ke nufa. Ƙorama ta zuba a rafi, rafi ya zuba a kogi, kogi kuwa ya miƙa har ya tarad da ruwan gishiri. Haka kogin Kaduna ke yi, ya faɗa Kwara, Kwara ta kai shi teku. Amma akwai waɗansu wurare inda tuddai suka kewaye ƙasa ta ko wane gefe kamar bakin akushi, ruwan da ya gangara ciki ba shi da ƙofar fita. Irin wannan wuri shi mu ke kira rufaffen kwari. Mun zaɓi guda ɗaya daga cikinsu, watau Kwarin Mono na ƙasar Amurka, domin an daɗe ana awon ruwansa ana rubutawa, sabo da haka abin da ya same shi a fili ya ke, ana iya karanta shi kamar lissafin Baitulmali, ga shiga ga fita. Awon da za mu yi aiki da shi kuwa shi ne wanda mutanen can ke yi, watau inci da ƙafa da mil da eka.

INDA KWARIN YA KE

Kadan muka buɗe taswirar Amurka muka dubi yammacinta, za mu ga jihar Kalifoniya kwance a bakin Tekun Pasifik. A gabashin jihar akwai jerin manyan duwatsu da suka miƙe daga arewa zuwa kudu, tafiyar mil 400, sunansu Siyera Nebada. Bayan waɗannan duwatsu hamada ce mai faɗi, wadda ta cinye kusan duk jihar Nebada da sassan maƙwabtanta, ba kuwa kogi ko ɗaya da ke fita daga cikinta ya kai teku. Kwarin Mono yana nan a gefen yamma na wannan hamada, jingine da gindin duwatsun, gefensa na gabas kuma ya ɗan shiga Nebada.

Ko da ya ke kwari ne, kada mu zaci wuri ne mai ƙasa-ƙasa. Tabkin da ke tsakiyarsa, wanda shi ne wuri mafi gangare duka, yana bisa teku da wajen ƙafa 6,380. Birnin Kano wajen ƙafa 1,600 ya ke, Jos kuwa da mu ke jin labarin sanyinta wajen ƙafa 4,000. Ashe gindin wannan akushi ya ɗara Jos tsawo da fiye da ƙafa 2,000. Duwatsun da ke yamma da shi kuwa akwai wanda ya haura ƙafa 13,000. Sabo da wannan tsawo, hamada ce mai sanyi. Da rani rana ta kan yi zafi da tsaka, da dare kuma a nemi bargo. Da hunturu ruwa ya kan daskare, hanyar mota da ke ƙetare duwatsun zuwa yamma ta kan toshe wata da watanni. Mutane kaɗan ne a wurin. Garin da ke bakin tabkin, Lee Vining, mazaunansa 'yan ɗaruruwa ne kawai.

Ƙasa ce kuma ta aman wuta. Kudu da tabkin akwai jerin duwatsu da suka taɓa yin aman wuta, na bayansu bai fi shekara 700 da hucewa ba. Tsibirai biyu manya da ke cikin ruwan, Negit baƙi da Paoha fari, su ma wutar ƙarƙashin ƙasa ce ta fito da su. Shi kansa tabkin tsoho ne ƙwarai, masana sun ce bai gaza shekara 760,000 ba.

DALILIN DA YA SA HAMADA CE

Mai tambaya ya ce, yaya ƙasar da ba ta da nisa ainun da babban teku za ta rasa ruwan sama? Amsa tana ga duwatsu. Iskar da ke ɗauke da laima daga yamma ta ke tasowa, daga Pasifik. In ta iso Siyera Nebada ba ta da hanya sai ta hau. To, ƙa'ida ce, iska in ta hau sama sai ta yi sanyi, in kuwa ta yi sanyi ba ta iya riƙe laimar da ke cikinta. Sai ta zubad da kayanta a gefen yamma da bisa ƙwanƙolin duwatsun. Kafin ta gangaro gabas ta zama busasshiya, tana sauka tana ɗumi, maimakon ta ba da ruwa sai ta riƙa tsotsan wanda ta tarar.

Ana ganin wannan ko a cikin kwarin kansa. A gefen yamma, kusa da gindin dutse, abin da ke sauka a shekara ya kan kai inci 13 ko 14. A gefen gabas, tafiyar da ba ta kai yini guda a ƙasa ba, inci 5 ko 6 ne kurum. Kano ta kan sami inci 30 ko fiye. Abin da rana da iska ke ɗebewa daga fuskar tabkin kuwa wajen inci 45 ne ko wace shekara. Da ruwan saman da ke faɗowa cikin kwarin kaɗai aka dogara, da babu tabki a wurin ko kusa.

INDA RUWAN KE FITOWA

Mafarin ruwan kwarin uku ne. Na fari, wanda ya fi sauran nesa ba kusa ba, shi ne dusar ƙanƙara. A can lokacin saukar ruwa hunturu ne, ba kamar namu ba, kuma bisa duwatsu ba ruwa ke zubowa ba, sai wani farin gari mai sanyi kamar audugar da aka shiɓe. Ya kan taru bisa juna tun daga Nuwamba har Maris, wani wuri ya fi tsawon ɗaki. Duwatsun sun zama kamar rumbu ke nan, suna ajiye ruwan a daskare har zafi ya zo. Daga Mayu zuwa Yuli sai ya narke, ya gangaro ta rafuka biyar, sunayensu Rush, da Lee Vining, da Mill, da Parker, da Walker. Rush shi ne babbansu, Parker da Walker kuwa cikinsa su ke zubawa kafin ya isa tabki. Duka biyar ɗin daga yamma su ke fitowa. Ta gabas babu rafin kirki ko ɗaya. Ruwansu garau ne, mai daɗi, mai sanyi, da kifi a ciki da itatuwa a gaɓa.

Na biyu shi ne ruwan ƙarƙashin ƙasa. Wani kashi na ƙanƙarar da ta narke ba ya bin rafi, sai ya nutse cikin tsakuwa da yashin da ke gindin duwatsu, ya yi ta tsiyaya a hankali, ya ɓullo a matsayin maɓuɓɓuga a bakin tabkin ko a ƙarƙashinsa. Yawancinsu ruwan daɗi ne mai sanyi, amma akwai masu zafi, inda ruwan ya ratsa kusa da dutsen da bai gama hucewa ba, kamar na tsibirin Paoha. Na uku shi ne ɗan abin da ke faɗowa daga sama kai tsaye bisa fuskar tabkin.

Ƙofar fita kuwa ɗaya ce tak, ita ce sama. Duk ɗigon da ya shiga tabkin Mono ba ya barinsa sai ya zama tururi.

DALILIN GISHIRI DA KANWA

Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. Ruwan rafi, kome daɗinsa, yana ɗauke da ɗan gishiri da ya lasa daga duwatsun da ya bi ta kansu, kaɗan ne ƙwarai har harshe ba ya jinsa. In ruwan ya tashi tururi, gishirin ba ya binsa, a nan ya ke zama. Kogin da ke zuwa teku ya kan tafi da nasa, amma rufaffen tabki tarawa ya ke yi, shekara bisa shekara. Sabo da haka ruwan Mono ya fi na teku gishiri fiye da ninki biyu. Ba kuwa gishirin miya kaɗai ke ciki ba, akwai kanwa mai yawa, 'yar'uwar wadda fatake ke kawowa kasuwanninmu. In mutum ya taɓa shi sai ya ji santsi kamar ruwan sabulu. Ba ya shawuwa, kifi ba ya rayuwa ciki.

Wannan kanwa ita ke gina abin mamakin nan da baƙi ke zuwa kallo. Ruwan maɓuɓɓuga yana tafe da sinadarin alli. In ya ɓullo a ƙarƙashin tabki ya gamu da ruwan kanwa, sai su biyun su haɗu su zama farin dutse, ya taru kewaye da bakin maɓuɓɓugar, ya yi ta hawa kamar suri, wani har ƙafa 30. A cikin ruwa kaɗai su ke girma. Saboda haka duk wanda muka gani tsaye a tudu, shaida ne cewa dā ruwa ya rufe wurin.

Kada kuma mu ce tun da babu kifi babu rai. Gansakuka tana yaɗuwa cikin ruwan, wani ɗan mitsitsin ƙwaro dangin jatan lande, wanda bai kai rabin inci ba, kuma babu irinsa ko ina sai nan, yana cin gansakukar. Akwai kuma wani ƙuda da ke shiga ƙarƙashin ruwa ya yi ƙwai. Waɗannan biyu su ne abincin tsuntsaye. Da kaka waɗansu masu nutso fiye da miliyan guda su kan sauka nan su yi ƙiba. Waɗansu ƙanana kuma daga nan su ke ɗaukar guzuri su tashi har Amurka ta Kudu. Fararen tsuntsayen teku dubbai su kan ƙetaro duwatsu su yi sheƙa a tsibiran, inda namun daji ba su iya isa. Mutanen wurin na asali, Kutzadika'a, su ma a dā su kan tara tsutsar ƙudan nan su shanya, abinci ne mai maiƙo, har su kan yi musaya da shi da maƙwabtansu na bayan dutse.

LISSAFIN SHIGA DA FITA

Yanzu mun iso ga zuciyar darasin. Faɗin tabkin wajen eka 45,000 ne. Inci 45 kuwa ƙafa uku ne da rubu'i uku. Kadan muka buga wannan da wancan, za mu ga rana tana ɗibar ruwan da zai rufe eka kusan 170,000 zurfin ƙafa guda, ko wace shekara. Lalle ne abin da ke shigowa ya kai haka, in ana so tabkin ya tsaya inda ya ke. In shiga ta fi fita sai ya cika ya bazu, faɗinsa ya ƙaru, rana ta sami wurin ɗiba mai yawa, har su yi daidai. In shiga ta gaza sai ya janye ya tsuke, har abin da rana ke samu ya ragu ya daidaita da ɗan abin da ke shigowa. Tabkin ma'auni ne, bakinsa shi ne harshen ma'aunin. Amma fa gishirin ba ya raguwa. In ruwa ya koma rabi, ɗacinsa ninki biyu ya ke zama.

Allah ya riga ya nuna wannan a jikin tuddan wurin. A zamanin sanyi mai tsanani, shekaru dubbai da suka wuce, ƙanƙara ta fi yawa, zafi ya fi ƙanƙanta, sai tabkin ya cika ya hau ɗaruruwan ƙafa bisa inda ya ke. Har wa yau ana ganin zanen tsohuwar gaɓarsa a jikin tuddai, layi bisa layi kamar matakala. Wani masanin duwatsu, Israel Russell, ya auna su a shekarun 1880, aka kuwa sa wa tsohon tabkin sunansa.

SA'AD DA BIRNI YA SA HANNU

Kudu da kwarin, tafiyar fiye da mil 300, akwai birnin Los Anjalis, babban birni ne a ƙasa mai ƙarancin ruwa. A 1913 birnin ya gama haƙa hanyar ruwa mai tsawon mil 233, ya janye kogin Owens, wanda ke wani kwari kudu da Mono. Tabkin da wannan kogi ke ciyarwa, wanda jiragen ruwa suka taɓa yawo bisansa, ya ƙafe kafin 1926. Da mutane suka ƙaru sai birnin ya miƙa hannu arewa. Aka huda rami mai tsawon mil 11 ƙarƙashin duwatsun aman wuta, a 1941 aka fara karkatar da rafuka huɗu daga cikin biyar ɗin nan, watau duka ban da Mill. A 1970 aka ƙara hanya ta biyu, sai ya zama kusan duk ruwan rafukan kudu ya ke tafiya.

Rana kuwa ba ta rage nata rabo ba. A 1941 fuskar tabkin tana ƙafa 6,417 bisa teku, a 1982 ta komo 6,372. Ya sauka ƙafa 45 ke nan, alhali wurin da ya fi zurfi duka wajen ƙafa 150 ne. Rabin ruwan ya tafi, gishirin ya tashi daga wajen giram 50 cikin lita guda zuwa kusan 100. Gaɓar rafukan ta bushe, itatuwa suka mutu. Ƙasan tabkin da ya fito fili ya zama farin fako, in iska ta taso sai ta ɗauki ƙurar kanwa mai cutar da huhu. Ruwan da ke tsakanin gaɓa da tsibirin Negit ya janye har ya zama hanya, a 1979 wani naman daji dangin dila ya taka ya shiga, tsuntsaye suka watse suka bar sheƙunansu.

Abin da ya kamata mu lura da shi, mu da ke makaranta, shi ne 'yan makaranta ne suka fara tona zancen. A 1976 waɗansu ɗaliban jami'a suka yi rani guda a bakin tabkin suna ƙidayar tsuntsaye, suna awon ruwa, suka rubuta abin da suka gani. A 1978 wani malamin ilmin tsuntsaye, David Gaines, da abokansa suka kafa ƙungiyar kare tabkin, a 1979 aka kai ƙara. A 1983 Babbar Kotun Kalifoniya ta yanke cewa irin wannan ruwa amana ce a hannun hukuma domin jama'a duka, kuma ko an riga an ba wani izinin ɗiba, hukuma tana da ikon sake duba izinin in amanar za ta tozarta. A 1994 hukumar ruwa ta jihar ta kafa doka cewa a bar wa rafukan ruwansu gwargwado, a kuma bar tabkin ya hau har ƙafa 6,392. Ta ɗaure rabon birni da bakin tabkin. In ya gaza ƙafa 6,377 ba a ɗibar kome, in yana tsakanin wannan da 6,380 a ɗebi abin da zai rufe eka 4,500 zurfin ƙafa guda a shekara, in ya haura a ɗebi na eka 16,000.

Birnin bai mutu da ƙishirwa ba. Ya koyi tattali, ya canza kayan famfo da na makewayi zuwa masu cin ruwa kaɗan, ya riƙa tace ruwan da aka yi aiki da shi ana sake amfani da shi. Amma gyara bai yi saurin ɓarna ba. An zaci cikin shekara 20 tabkin zai kai inda aka yanka masa, sai shekarun fari suka yi ta zuwa. A 2017 sai da aka kafa shingen lantarki don tsare tsuntsaye daga namun daji. A 2023 ƙanƙara ta sauka da yawa, tabkin ya hau fiye da ƙafa huɗu, duk da haka shekara ta 2024 ta cika 30 da kafa dokar bai kai ba. Tabkin Owens kuwa, wanda ba a tsare ba, birnin ya kashe fiye da dala biliyan biyu wajen danne ƙurarsa.

ABIN DA YA SHAFE MU

In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Da yawa daga cikinmu a rufaffen kwari aka haife mu. Ruwan da ke sauka a Kano ba ya zuwa teku. Kogin Kano da Chalawa su ke haɗuwa su zama kogin Haɗeja, ya bi fadamun Haɗeja da Nguru, ya zama Komadugu Yobe, ya nufi Tabkin Chadi, wanda shi ma ba shi da kogin fita. Abin da ya sa ruwan Chadi ke shawuwa shi ne wani kashinsa yana nutsewa ƙasa ya tafi da gishirin, kanwa kuma ta kan fito a tafkunan da ke arewa maso gabas da shi. Amma lissafin shiga da fita ɗaya ne. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974, da ta Chalawa a 1992, ambaliyar da masunta da makiyaya da manoman shinkafa na fadamun ƙasa ke jira ta ragu. Mai tare ruwa a sama yana taɓa tukunyar wanda bai taɓa gani ba.

Mu da za mu fita mu karantar da yara, ga hanya mai sauƙi ta nuna musu wannan. A sami faranti biyu masu faɗi, a zuba ruwa daidai wa daida, a jefa cokalin gishiri guda cikin ko wanne, a yi alama a bakin ruwan, a ajiye su a rana. Ko wace safiya a cika na fari har alamar, na biyu kuwa a ba shi rubu'in abin da aka ba na fari. Bayan 'yan kwanaki a sa yara su auna, su ɗanɗana, su dubi farin zoben da ya fito a gefen na biyu. Sa'an nan a tambaye su, rafin garinmu daga ina ya ke fitowa, ina ya ke ƙarewa, su wa ke sha a ƙasa da mu? Yaron da ya iya amsa waɗannan uku ya kama labarin ƙasa ta inda ya ke da amfani. Allah ya ba mu ikon riƙon amanar abin da ya shayar da mu, amin.